Gari Ɗaya, Harsuna Da Yawa: Darasi A Kan Zaman Birnin Kaduna

Gabatarwa

Darasinmu na wannan wata ya shafi wurin da muke kwana muke tashi, watau birnin Kaduna, da irin zaman da ya kamata mu yi a cikinsa tare da mutanen da harshensu da abincinsu da addininsu suka bambanta da namu. Kafin a shiga darasin, yana da kyau kowace ƙungiya ta karanta Irmiya 29:1-7, da Ayyukan Manzanni 6:1-7 da 11:19-30 da 13:1-3, sa'an nan Galatiyawa 2:11-14, gama a kan waɗannan wurare ne za mu jingina maganarmu.

Ga abin da ya sa darasin ya zama dole. Yaron da aka haifa a shekara ta 2000 yau magidanci ne, wataƙila ma yana da 'ya'yansa. Da yawa cikin irin waɗannan matasa da suka girma a Sabon Tasha ko Narayi ko Unguwar Romi ba su taɓa yin maƙwabci Musulmi ba. Haka kuma da yawa cikin tsararsu na Rigasa da Tudun Wada ba su taɓa shiga gidan Kirista sun sha ruwa ba. Abin da suka sani game da juna daga ji-ta-ji-ta ne da abin da ke yawo a wayar hannu. Iyayensu kuwa sun san wani Kaduna dabam. Idan waɗanda suka ga wancan zama suka shuɗe ba su faɗa wa na baya ba, 'ya'yanmu za su ɗauka cewa rabuwa ita ce asalin garin, alhali kuwa ba haka ba ne.

Yadda Kaduna ta zama garin kowa

Kaduna ba tsohuwar birni ba ce mai ganuwa irin su Kano da Zariya da Katsina. Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi ne ke warwatse a bakin kogin, ana kuma cewa sunan garin ya fito ne daga kadduna, watau kadojin da ke cikin ruwan. Gwamna Lugga ne ya ga wurin ya yi masa, saboda ga ruwa, ga fili, ga kuma hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Legas zuwa Kano ta ratsa ta nan. A shekara ta 1917 aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna. A cikin shekarun 1920 kuma hanyar jirgin gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ta iso ta haɗu da ta farko.

Sai mu lura da irin mutanen da suka fara cika garin. Sojoji ne da ma'aikatan reluwe da akawuna da leburori da 'yan kasuwa, kowa daga ƙasarsa. Bahaushe da Bafulatani da Banufe da Babarbare sun zo. Bayarabe da Ibo da mutanen Bini da na Kalaba sun zo, har da mutanen Saliyo da na ƙasar da ake kira Ghana a yau. Wanda ya bi tsakiyar garin ya karanta sunayen tituna zai ga shaidar wannan: ga titin Legas, ga titin Ibadan, ga titin Warri, ga hanyar Kano da ta Katsina da ta Bida da ta Jos, ga hanyar Yarbawa. A Tudun Nufawa ma sunan unguwar ya isa bayani.

Bayan haka masana'antu suka ƙara jawo jama'a. A shekara ta 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu masaƙu kuma suka biyo baya a cikin shekarun 1960, irin su Arewa Textiles da United Nigerian Textiles. Makarantar horar da hafsoshin soja ta buɗe a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar man fetur kuwa a 1980. Waɗannan ne suka kawo dubban samari daga kudancin jihar, Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Adara da Ikulu da sauransu, da kuma Tibi da Idoma da Igala daga wajen Binuwai. A bakin injin saƙa ba a tambayar mutum ina ne garinsu, sai dai a duba ko zarensa ya tsinke. Ma'aikatan nan sun yi haya a gida ɗaya, matansu sun yi girki a tsakar gida ɗaya, 'ya'yansu sun tafi makaranta ɗaya. Da Sallah tuwo da nama sukan shiga ɗakin Kirista, da Kirsimeti shinkafa da cincin sukan shiga ɗakin Musulmi.

Ekklesiyarmu ta yi nata rabon cikin wannan gini. Kwalejin St. John da Kwalejin Queen of Apostles ta Kakuri, waɗanda gwamnati ta karɓa a farkon shekarun 1970 ta sa musu suna Kwalejin Rimi da Kwalejin Sarauniya Amina, sun yaye ɗalibai daga kabilu masu yawa. Asibitin St. Gerard da ke Kakuri bai taɓa tambayar mai naƙuda addininta kafin ya karɓe ta ba. Kaduna ta zama dayosis a 1953, babbar dayosis a 1959, a 1975 kuma ɗan ƙasa na farko, Babban Bishop Peter Jatau, ya hau kujerarta. A watan Fabrairu na 1982 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Kaduna da kansa, ya naɗa firistoci a gaban taro mai ɗimbin yawa.

Abin da ya tsaga bangon

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba za mu ɓoye tsagar ba. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 sun fara girgiza amana. A watan Fabrairu da na Mayu na shekara ta 2000 aka yi mummunan faɗa a cikin Kaduna a kan batun shari'a. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙidaya mutum 1,295 da suka mutu, wasu masu bincike kuwa sun ce adadin ya kai 2,000 ko fiye. A watan Nuwamba na 2002 aka sāke wani a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutum fiye da 200 suka rasa rayukansu. Bayan zaɓen 2011 jini ya sāke zuba. Ran 28 ga Oktoba 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari majami'ar St. Rita ana cikin Misa.

Kowane rikici ya bar ƙaura a bayansa. Kirista suka sayar da gidajensu a arewacin kogi, ko suka yi musanya, suka koma kudu. Musulmi suka bar kudu suka koma arewa. Kogin da ya jawo mutane suka kafa garin ya zama iyaka a tsakaninsu, har wasu sukan yi wa gefe ɗaya laƙabi da Makka, ɗayan kuma Urushalima. A daidai wannan lokaci ne masaƙun suka durƙushe: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya da aiki a 2007. Wurin da talakawa na kowace kabila suke haɗuwa kullum ya ɓace, samari marasa aiki kuwa suka yi yawa, ga su nan a shirye domin duk mai neman hayar fitina.

Duk da haka garin bai rabu ƙwarai kamar yadda ake zato ba. Kowace safiya motoci da Keke Napep suna ƙetare gada cike da mutane, wasu za su babbar kasuwa da ofisoshin gwamnati, wasu za su Kakuri da matatar mai. Da rana muna ciniki da juna, da dare kowa ya koma gefensa. Tambayar darasinmu ita ce, ko wannan zaman rana kaɗai ya isa ga mai bin Kristi?

Wasiƙar Irmiya zuwa ga baƙi a birni

A shekara ta 597 kafin haihuwar Kristi, Nebukadnezzar Sarkin Babila ya kwashe sarkin Yahuza da manyan ƙasar da masu sana'a ya kai su Babila. Babila babban birni ne mai harsuna da gumaka masu yawa, mutanensa kuma su ne suka ci Urushalima da yaƙi. Wani annabi mai suna Hananiya ya yi ta faɗa wa jama'a cewa cikin shekara biyu kome zai ƙare. Irin wannan magana tana da daɗin ji, amma tana sa mutum ya zauna da kayansa a ɗaure, ba ya dasa itace, ba ya sanin sunan maƙwabcinsa.

Irmiya ya aika musu da wasiƙa mai faɗin akasin haka. Ya ce zaman zai yi tsawo, saboda haka su yi gini, su yi lambu su ci amfaninsa, su yi aure su aurar da 'ya'yansu. Ya ƙara da abin da ya fi wuya duka: su nemi alherin birnin nan, su yi addu'a dominsa, gama zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa.

Mu ba bayi ba ne a Kaduna, garinmu ne. Amma da yawa cikinmu muna zama kamar masu jiran mota. Mutum ya yi shekara talatin a Television ko Barnawa, ya haifi 'ya'yansa duka a nan, amma in ka tambaye shi gida sai ya ce Zonkwa, ko Gboko, ko Nnewi. Kuɗinsa na can, zuciyarsa na can, kwatar da ke ƙofar gidansa kuwa ta toshe shekara uku ba ruwansa. Ba laifi ba ne mutum ya ƙaunaci garin iyayensa, gama kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Laifin shi ne ya ci abincin gari ya sha ruwansa, ya ƙi ɗaukar nauyinsa. In Allah ya umarci waɗanda aka kama da yaƙi su yi wa Babila addu'a, balle mu da muka zo Kaduna da ƙafafunmu, ko aka haife mu a ciki?

Antakiya, inda aka fara kiranmu Kirista

Antakiya ta Suriya tana da kama da Kaduna ta hanyoyi da dama. Ita ma kafa ta aka yi domin mulki: Sarki Salukas, ɗaya daga cikin jarumawan Iskandari Mai Girma, ya gina ta a bakin Kogin Orontis wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Kristi. A zamanin manzanni ita ce birni na uku a daular Roma, bayan Roma da Iskandariya. Helenawa da Suriyawa da Yahudawa da Romawa suna zaune a ciki, kowa da unguwarsa. Yau tana cikin ƙasar Turkiyya, girgizar ƙasa ta watan Fabrairu 2023 kuma ta rushe yawancinta.

Waɗanda suka kai bishara Antakiya 'yan gudun hijira ne, sun tsere daga tsanantawar da ta biyo bayan kisan Istifanas. Da farko Yahudawa 'yan'uwansu kaɗai suke yi wa magana. Sai waɗansu mutanen Kubrus da na Kurane suka ƙetare iyaka suka yi wa Helenawa magana su ma. Da labari ya kai Urushalima aka aiki Barnaba ya duba. Shi kuwa da ya ga alherin Allah a cikin wannan gauraye, ya yi murna, har ya tafi Tarsus ya ɗauko Shawulu suka yi shekara guda suna koyarwa. A nan ne aka fara kiran almajirai Kirista. Mutanen gari sun saba kiran kowane taro da sunan kabilarsa, amma wannan taro ba shi da kabila ɗaya, sai suka kira shi da sunan Ubangijinsa.

A dubi shugabannin wannan ekklesiya a farkon sura ta 13. Barnaba Balawi ne daga tsibirin Kubrus. Saminu ana yi masa laƙabi da Baƙi. Lukiyas mutumin Kurane ne, a ƙasar Libiya ta yau, watau ɗan Afirka. Manayin ya girma tare da Hirudus a gidan sarauta. Shawulu kuwa Bafarisiye ne daga Tarsus. Mutum biyar ne masu asali dabam-dabam, amma suna azumi da addu'a tare, daga cikinsu ne kuma Ruhu Mai Tsarki ya keɓe Barnaba da Shawulu domin aikin bishara. Da aka yi annabcin yunwa, wannan taron gauraye ne ya tara gudummawa ya aika wa 'yan'uwa a Yahudiya.

Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa an yi saɓani ba. Tun a Urushalima Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu su yi shiru domin kada a ɓata sunan ekklesiya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai domin aikin, sunayen bakwai ɗin nan kuwa duka na Helenanci ne, ɗaya ma, Nikolas, mutumin Antakiya ne wanda ba a haife shi Bayahude ba. Watau an danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka.

A Antakiya kuma Bitrus kansa ya yi tuntuɓe. Yana cin abinci tare da al'ummai, amma da waɗansu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye saboda tsoron abin da za su ce, har Barnaba ya bi sahunsa. Bulus ya tsauta masa a gaban kowa. Sai mu lura da kyau: maganar akushi ce, wa zai ci da wa. Manzo Bulus ya ga cewa ranar da aka raba akushi, an taɓa gaskiyar bishara. A wannan birni ne kuma Ignatiyus, bishop na Antakiya, ya fito, wanda a cikin wasiƙunsa, a farkon ƙarni na 2, aka fara samun an kira Ekklesiya da sunan Katolika. Ma'anar kalmar ita ce ta duka, ta ko'ina, ta kowa. Mai ɗauke da wannan suna ba shi da izinin zama ɗan kabilanci.

Abin da Ekklesiya ta koyar a zamaninmu

A ran 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da takardar Nostra Aetate, inda ta bayyana cewa Ekklesiya tana duban Musulmi da daraja, gama suna bauta wa Allah ɗaya, suna girmama Yesu a matsayin annabi, suna girmama Maryamu, suna kuma riƙe da salla da sadaka da azumi. Ta roƙi ɓangarorin biyu su bar gābar da ta wuce, su haɗa hannu wajen adalci da salama. A watan Afrilu na 1994 bishop-bishop na Afirka suka taru a Roma, a daidai kwanakin da aka fara kisan ƙare dangi a Ruwanda, ƙasar da a lokacin yawancin mutanenta Katolika ne. Wannan ya nuna wa duniya cewa baftisma ba ta kashe kabilanci in ba a koyar an kuma aikata ba. Takardar da ta fito daga taron, Ecclesia in Africa, wadda Paparoma ya sa wa hannu a Yawunde a watan Satumba 1995, ta kira Ekklesiya Iyalin Allah, ta kuma gargaɗe mu a kan fifita kabila. A 2019 Paparoma Faransis da Babban Limamin Azhar, Shaihu Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a kan takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi.

A Kaduna ma akwai waɗanda suka nuna cewa abin yana yiwuwa. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a faɗan 1992, Imam Muhammad Ashafa kuwa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai. Da taimakonsu shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta 2002. A 2010 Sista Kathleen McGarvey ta ƙungiyar OLA ta jagoranci kafa majalisar mata Musulmi da Kirista a wannan gari.

Jin daɗin garin da Allah ya ba mu

Haƙuri da juna mataki ne na farko, amma wanda yake haƙuri da maƙwabcinsa kawai bai fara jin daɗinsa ba tukuna. Kaduna cike take da abubuwan alheri waɗanda bambancinmu ne ya kawo su.

A fara da kasuwa. Ran Litinin akwai kasuwa a Kakuri, ran Talata a Kawo. Doyar Gbagyi da ta Tibi, cittar Kachia da Kwoi, acca daga kudancin jihar, nono da man shanu daga rugar Fulani, manja da garin rogo daga kudu, kilishi da dabino daga arewa, duk suna haɗuwa a kwandon mace ɗaya. A Kasuwar Barci ana samun sutura daidai ƙarfin talaka. A Panteka maƙera da masu walda suna mai da tsohon ƙarfe ya zama murhu da tukunya da injin niƙa. Mai zuwa kasuwa ya riƙe abokin ciniki ɗaya daga wancan gefen kogi, ya san sunansa, ya tambayi lafiyar iyalinsa. Ranar da jita-jita ta tashi, wannan mutum ne zai buga maka waya ya faɗa maka gaskiyar abin da ke faruwa a unguwarsu.

Sai abinci. Yaron Kaduna yakan karya da ƙosai da koko, ya ci amala ko sakwara da miyar agushi da rana, ya sha faten tsaki ko na acca da yamma, ya sayi tsire da dare, bai kuwa bar garinsu ba. Kada iyaye su koya wa yara ƙyamar abincin wasu. Zumuntar Mata za ta iya keɓe rana ɗaya a shekara da kowace kabila za ta koya wa sauran girkinta.

Sai harshe. Hausa da Turanci sun haɗa mu, amma gaisuwa cikin harshen mutum tana buɗe ƙofar da waɗannan biyu ba sa buɗewa. Ba wuya ba ne mutum ya koyi yadda ake cewa ina kwana da na gode cikin harsuna huɗu ko biyar na maƙwabtansa. A nan kuma sai mu kula da sunayen da muke kiran juna. Mutanen da aka daɗe ana ce musu Kaje sunansu Bajju, Katab sunansu Atyap, Jaba sunansu Ham, Kadara sunansu Adara, Gwari sunansu Gbagyi. A kira kowa da sunan da yake kiran kansa. Wanda yake jin zafi in an ce masa arne, kada bakinsa ya ce wa Ibo Nyamiri, kada kuma ya mai da kalmar aboki ta zama abin yi wa Bahaushe ba'a.

Kakanninmu sun san yadda ake mai da bambanci ya zama abin dariya mai daɗi. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Fulani da Tibi, da Katsinawa da Nufawa, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarbawa. Abokin wasa yakan tsokane ka a gaban jama'a, amma ba ya barinka cikin wahala. Wannan gādo ne da bai kamata ya mutu a hannunmu ba.

Sai bukukuwa da wuraren shaƙatawa. A kai yara su ga hawan Sallah a Zariya, su ga bikin Afan a Kagoro ran 1 ga Janairu, su ga Tuk Ham a Kwoi. A kai su Gidan Arewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, su ga tarihin Arewa, a kai su Gamji a bakin kogi su ga tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Filin ƙwallo ma makaranta ne, gama mai tsaron gida ba ya tambayar addinin ɗan bayansa. Suna da biki da ta'aziyya kuwa, zumunta a ƙafa take. In maƙwabcinka na dā ya koma Kawo kai kuma kana Gonin Gora, kuɗin mota bai kai darajar abotar shekara ashirin ba.

A fara daga ƙofar majami'a

Ba za mu iya kai wa gari abin da ba mu da shi a gida ba. A majami'u da yawa akwai Misa ta Hausa da ta Turanci, a wasu har da ta Ibo. Wannan daidai ne, gama kowa ya cancanci ya ji Maganar Allah cikin harshen da yake fahimta. Haɗarin shi ne majami'a ɗaya ta zama ekklesiya biyu ko uku waɗanda ba sa haɗuwa sai a bakin ƙofa. A duba majalisar majami'a, a ga ko kabila ɗaya ce ke riƙe da kujeru duka. A duba yadda ake rabon taimako ga gwauraye da marayu, a ga ko akwai masu gunaguni irin na Ayyukan Manzanni 6. A duba yadda muke karɓar sabon Fada in ba ɗan yarenmu ba ne, da abin da muke faɗa wa 'yarmu in ta kawo saurayi Katolika daga wata kabila. Lokacin bikin godiya na kaka, ƙungiyoyin kabilu sukan yi gasar bayarwa, abin yana da kyau, amma ya fi kyau in kowace ƙungiya ta tashi ta taka rawa sa'ad da 'yar'uwarta take shigowa da baikonta.

Wani zai ce

Wani zai ce, malam, kai ba a ƙone maka gida ba, ba ka binne ɗa ba. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za a amsa ta da gaggawa ba. Ekklesiya ba ta ce wanda aka zalunta ya yi kamar ba a yi kome ba, ba ta kuma ce a daina neman shari'a a kan masu kisa da masu satar mutane ba. Ba ta ce kowa ya shiga unguwar da ba ta da lafiya da tsakar dare ba. Ubangiji da kansa ya haɗa mana wayon maciji da halin kurciya. Abin da aka hana mu shi ne mu ɗora laifin mutum goma a kan kabila ko addini gaba ɗaya. A kowane rikicin da aka yi a garin nan an sami Musulmin da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu, an sami Kiristan da suka ɓoye Musulmi. A wancan gefen kogi ma akwai uwaye masu kuka irin namu. In za mu ba 'ya'yanmu labarin wuta, wajibi ne mu ba su labarin wanda ya kawo ruwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne Irmiya ya umarci waɗanda aka kai Babila su yi, me ya sa kuma umarnin ya yi musu wuya?
2. Wane aiki ɗaya ne ƙungiyarmu za ta iya yi domin unguwarmu cikin wata uku masu zuwa, wanda zai amfani kowa da kowa?
3. Me ya sa Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai? Tsoron wa yake hana mu ziyartar juna a yau?
4. Kabilu nawa ne a majami'armu, nawa ne kuma suke da wakili a majalisarta?
5. Dattawa su faɗa wa matasa yadda zaman Kaduna yake kafin shekara ta 2000. Wane abu ne daga ciki za a iya maidowa?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ne ka halicci dukan kabilu, ka kuma zaunar da mu tare a bakin wannan kogi. Ka ba birnin Kaduna salama. Ka ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ka ba matasanmu aikin yi, ka ba shugabanninmu adalci. Ka tsare bakinmu daga zagi, ka buɗe ƙofofinmu ga maƙwabta, ka sa Ekklesiyarka ta zama iyali ɗaya a idon dukan gari. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.